ME JIRGIN ZAI CI?

Wannan ita ce laccar da muka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa daren Asabar. Mun buga ta duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.

Mun san yawancinku daga rumfa kuka taso, waɗansu ko gida ba su leƙa ba, saboda haka ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba.

Maganarmu ta daren yau a kan jirgin ƙasa take. Ba dogon jirgin nan mai zuwa Ikko muke nufi ba. Muna nufin gajere, irin wanda ke kwaso mutanen unguwannin bayan gari da ƙauyukan da ke kewaye da birni da asuba, ya kawo su kasuwa da wurin aiki, sa'an nan ya mai da su gida da almuru. Shekara da shekaru ke nan ana yi mana alkawarin irin wannan jirgi a nan Kano. Da zaɓe ya gabato sai a fito da hotonsa a jarida, ga fenti yana ƙyalli, ga kujeru kamar na gidan gwamna. Mu dai ba mu ƙi ba. Mai tumatir da ke tasowa daga Kura, da telan da ke zuwa Kantin Kwari daga Gezawa, da ɗan dakon da ke sammakon Dawanau, duk sun san abin da kuɗin mota ke yi wa cinikinsu. A ba mu jirgi, muna so.

Amma akwai tambaya guda wadda ba mu taɓa jin mai alkawari ya amsa ba. Me jirgin zai ci?

Wanda ya taɓa maƙwabtaka da mai doki ya san ranar saye ranar murna ce, ana kiɗa ana guɗa. Kashegari wahala ke farawa, sa'ad da za a nemo harawa da dawa da kanwa, ba ta kuwa ƙarewa muddin dokin na da rai. To jirgi yakan yi shekara 30 ko fiye yana aiki, kullum kuwa sai ya ci. Abincinsa na cikin manyan abubuwan da ke yanka kuɗin tikiti, masu biyan tikiti kuwa mu ne.

ABIN DA YA CI A DA

Jirgi ya iso Kano a 1911. Na wancan zamani kwal yake ci da ruwa, ana zuba masa kwal a wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. A 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da Inugu, a 1916 kuwa dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal aka shiga jigilarsa. Watau abincin jirgi a ƙasarmu ake haƙo shi, da hannun 'yan ƙasa. Ba mu manta da abin da aka saka musu da shi ba. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan Gwamnatin Turawa suka buɗe wuta a kan ma'aikatan kwal a ramin Iva, suka kashe mutum 21, don kawai sun tsaya a kan hakkinsu.

Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara kawo kawunan jirgi masu cin dizal, wannan baƙin man da mu a kasuwa muke kira gas. Gaskiya sun fi masu kwal sauƙin aiki, ba sa neman ruwa a kowace tasha. Amma da Reluwe ta juya wa kwal baya sai Inugu ta rasa babban mai sayenta, ramummuka suka yi ta mutuwa, mutane suka rasa aiki. Kun ga ashe shawarar abin da jirgi zai ci takan raya gari ko ta kashe shi. Ba a kuwa tambayi talaka ba sa'ad da aka yanke ta.

JANARETO A KAN DOGO

Bari mu gaya muku wani abu da ba kowa ya sani ba. Yawancin manyan kawunan jirgi masu cin dizal, lantarki ne ke juya ƙafafunsu. Injin dizal yana juya janareto, janareto ya ba da wuta, wutar ta tura jirgi. Watau janareto ne aka ɗora a kan dogo. Ba kuwa sai an koya wa ɗan kasuwa halin janareto ba. Cikin ƙarfin da ke cikin man da yake sha, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke zama aiki, saura zafi ne da hayaƙi.

Ga kuma farashi. A farkon 2022 litar dizal ba ta kai naira 300 ba. Kafin shekarar ta ƙare ta wuce naira 800, a 2024 ta haura naira 1,000. Cikin watan Maris na 2022 jirgin fasinja ya tsaya cik a daji tsakanin Ikko da Ibadan, mai ya ƙare masa, mutane suka zauna suna jira a kawo. Abin da fetur ya yi kuwa kun fi mu sani. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce an janye tallafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a nan Kano, kuɗin mota ya bi ta a guje. Wane shugaban Reluwe ne zai iya rantse muku da kuɗin tikitin baɗi alhali bai san kuɗin man baɗi ba?

Duk da haka dizal aka zaɓa wa jirgin cikin garin Abuja, wanda aka buɗe a 2018 bayan an kashe fiye da dala miliyan 800, mafi yawa bashi ne daga ƙasar Sin. Ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai sake ɗaukar mutane ba sai 2024, bashi kuwa bai tsaya tare da shi ba. Jan Layi na Ikko, mai tafiyar kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya fara aiki a 2024, shi ma da dizal ya fara. Dalilin zaɓen dizal a fili yake: ba sai an ja waya ba, saboda haka ya fi araha ranar saye, ya fi kuma saurin kaiwa ranar yanka kirtani. Harawa kuwa ta rage ga na baya.

JIRGIN LANTARKI

Manyan biranen duniya sun daɗe da barin wannan hanya. Jirginsu daga waya yake shan wuta, ko wadda aka ja bisa kansa, ko wani ƙarfe na uku da aka shimfiɗa gefen dogo. Ba ya ɗauke da tanki, ba ya ɗauke da janareto, saboda haka ba shi da nauyi, yana tashi da sauri. Wannan ya dace da jirgin bayan gari, wanda ba ya tafiyar kilomita biyu ko uku sai ya tsaya. Har wa yau akwai wata dabara. In direba ya kama birki, injin da ke juya ƙafafu sai ya juye ya zama janareto, nauyin jirgin da gudunsa su haifi wuta, ta koma cikin waya, wani jirgin da ke tashi daga tasha ta gaba ya sha. Watau kowace tsayawa tana biyan wani abu daga kuɗin tashi.

Mun ga waɗansu suna murmushi, mun kuwa san dalili. Kuna cewa a ranku: wace wutar? Wadda har yau muke kira ta NEPA? Kun yi gaskiya. Cikin Oktoba 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya biyo ta Makurɗi kuma ya sami matsala. Masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda ba su manta ba. A watan Afrilu na wannan shekara ta 2024 kuma, dare ɗaya aka ɗaga wa 'yan rukunin A kuɗin yunit daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225. Jirgin da ya dogara ga wannan wuta kaɗai ya guje wa kura ya faɗa bakin zaki. Mutanen Ikko sun san haka, shi ya sa Shuɗin Layinsu mai cin lantarki, wanda ya fara ɗaukar mutane ran 4 ga Satumba 2023 tsakanin Marina da Mile 2, kilomita 13, suka tanadar masa hanyar samun wuta tasa ta daban. Ko shi ma a makonnin farko kan jirgi mai dizal ne ya riƙa jansa kafin a sakar masa wuta.

To ashe cewa "lantarki" bai amsa tambaya ba. Lantarki daga ina, a kan nawa, har zuwa yaushe? A nan ne muke so ku biyo mu ƙasar Indiya, mu ga yadda waɗansu suka yi cinikin nasu.

CINIKIN DA DELHI TA YI

Delhi ita ce babban birnin Indiya. Jirgin cikin garinta ya fara aiki a Disamba 2002 da kilomita 8 kacal. Zuwa 2024 dogonsa ya kusa kilomita 400, ya fita bayan gari har garuruwan Noida da Gurugram da Faridabad da Ghaziabad, ana shigarsa fiye da sau miliyan 5 a rana. Lantarki yake ci, dabarar birkin nan da muka faɗa kuwa tana rage masa wajen kashi 30 cikin 100 na wutar tafiya. Duk da haka kuɗin wuta na cikin manyan abubuwan da ke cinye masa ciniki, kamfanonin wuta na birni kuwa suna ƙara farashi yadda aka saba.

Sai hukumar jirgin ta dubi rana. Ta fara da rufin tashoshinta a 2014, tana shimfiɗa farantan sola irin waɗanda waɗansunku suka sa a kan rumfa. Ta yi ta ƙarawa a kan tashoshi da garejin jirage har wajen megawat 50. Amma wannan fitilu da fankoki da matakala mai tafiya da kanta yake ɗauka, bai isa jan jirage ba. Sai aka nemi babban fili.

Akwai wata gunduma ana ce da ita Rewa, a jihar Madhya Pradesh, nisanta da Delhi ya fi kilomita 600, kamar daga nan zuwa Lakwaja. Gwamnatin jihar ta ware fili can na fiye da hekta 1,500, mafi yawansa fako ne na gwamnati, sauran aka saya daga manoma. Ta shirya hanyar da wuta za ta fita, da rancen Bankin Duniya. Sa'an nan ta nemo masu saye tun kafin a kafa ko faranti ɗaya: jirgin Delhi zai ɗauki kashi 24 cikin 100, saura na jihar ne. Bayan an gama duk wannan aka kira kamfanoni cikin Fabrairu 2017 aka ce su zo gwanjo.

'Yan kasuwa, ku saurara da kyau, don wannan fagenku ne. Gwanjon da muka sani hawa ake yi, wanda ya fi tayi shi ke ɗauka. Wannan kuwa sauka ake yi. Kowane kamfani ya faɗi kuɗin da zai sayar da yunit ɗaya na wuta in an ba shi filin, wani ya rage, wani ya ƙara ragewa, kowa yana ganin tayin ɗan'uwansa. Aka fi kwana guda ana wannan, har ciniki ya faɗa a hannun kamfanoni uku, kowanne megawat 250, a kan wajen rupi 2.97 kowane yunit. Aka rubuta cewa za a riƙa ƙara fesa 5 kowace shekara har shekara 15, fesa 100 kuwa ita ce rupi ɗaya, kamar kwabo da naira. Yarjejeniyar ta shekara 25 ce. Mun yi lissafi: ko a shekarar ƙarshe yunit ba zai kai rupi 4 ba, ban da kuɗin ɗauko wutar ta waya.

Ku dubi abin da wannan ke nufi. Hukumar jirgi ba ta gina gonar solar ba, ba ta ci bashin gininta ba. Alkawarin saye ta yi, kamfanoni suka ɗauki alkawarin suka kai banki aka ba su rance. Ita kuwa ta san kuɗin wannan kashi na abincin jirginta har shekara 25, da kuɗin ƙasarta, ba da dala ba. Da wani zai zo Dawanau ya ce ga farashin buhun masara rubuce daga bana har jaririn yau ya yi aure, wa zai ƙi?

Gonar Rewa megawat 750 ce, kusan daidai da abin da aka gina madatsar Kainji ta bayar, watau megawat 760. Ta fara aika wa jirgin Delhi wuta a Afrilu 2019. In an haɗa da ta rufin tashoshi, hukumar ta ba da labari a 2023 cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na wutar da take ci daga irin waɗannan hanyoyi take fitowa.

BA ZA MU RUƊE KU BA

Mu ba masu tallar magani ba ne da za mu ce ƙullin nan yana warkar da ciwo 99. Cinikin Delhi yana da iyaka, ga su.

Na fari, rana tana faɗuwa. Jirgi yana tashi tun kafin ta fito, cunkoson yamma kuwa yana kaiwa bayan magariba. A waɗannan lokuta wutar gari Delhi ke saya kamar kowa. Shi ya sa muka ce kashi ɗaya cikin uku, ba mu ce duka ba.

Na biyu, wutar Rewa ta cikin manyan wayoyin ƙasa take bi ta isa Delhi. In waɗannan wayoyi suka faɗi, ko rana ta take tsaka ba abin da zai iso. A ƙarshen Yuli 2012, kafin a yi Rewa, wutar arewacin Indiya ta ɗauke kwana biyu a jere, ta shafi mutum fiye da miliyan 600, jiragen Delhi suka tsaya da mutane a ciki, waɗansu a ƙarƙashin ƙasa. Mu da wayoyinmu suka fi nasu rauni, tilas gonar solarmu ta kasance kusa, da wayarta ta kanta har dogo, da manyan batura, da kuma abin dogaro na dare. An fara shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kano a 2020, kilomita 614, kuma ga ruwan Tiga da Challawa. A auna su duka a gaya mana wanne ya fi.

Na uku, araha a wuta ba ta hana hukuma ƙara kuɗin tikiti in ta ga dama. A 2017, kafin wutar Rewa ta fara zuwa, an ninka tikiti mafi tsada a Delhi daga rupi 30 zuwa 60, talakawa da yawa suka koma bas. Daga nan ba a sake taɓawa ba sai 2025, ƙarin ma na 'yan rupi kaɗan ne. Ba mu ce rana ce kaɗai ta riƙe farashin shekara takwas ba, amma wanda ya san kuɗin harawarsa ya fi samun halin haƙuri da mai haya.

Na huɗu, faranti haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi, ƙura kuma tana rufe masa ido. Hasken da Rewa ke samu a shekara bai fi namu ba, amma mu muna da hunturu. Dole a riƙa wanke farantan, dole a san inda ruwan zai fito da wanda zai biya.

Yanzu ku kwatanta da namu cinikin. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 su gina gonakin sola na fiye da megawat 1,000, yawancinsu a nan Arewa. Ba a yi gwanjo irin na Rewa ba. Farashin da aka rubuta santi 11.5 ne na dalar Amurka kowane yunit, alhali na Rewa, bayan 'yan watanni, bai kai santi 5 ba. Daga baya gardama ta tashi a kan farashin da kuma wanda zai tsaya wa biya, har 2023 ba a gina ko ɗaya ba. Wadda muka gani da idonmu ita ce ta Kumbotso, megawat 10, da aka buɗe a Janairu 2023. Rana ɗaya ce ke haska mu da Indiya. Wurin ciniki aka bar mu a baya.

KAYAN TALLA DA ZA A KAWO MUKU

Tun da an san kun fara tambaya, za a zo muku da waɗansu amsoshi masu daɗin ji. Gara ku san su tun yanzu.

Wani zai ce za a lulluɓe rufin jirgin da sola ya riƙa tafiya kyauta. Akwai irinsa a garin Byron Bay na ƙasar Ostareliya tun Disamba 2017. Tarago biyu ne, tafiyar kilomita 3, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a hankali, masu yawon shan iska yake ɗauka, kuma sai an ƙara masa caji daga farantan da ke kan rufin tasha. Rufin jirgi ya yi ƙanƙanta. Zai kunna fitila da fanka, ba zai ja taragu shida cike da mutane da buhuna ba.

Wani zai ce iskar haidirojin, wadda jirgi ke sha ya fitar da tururin ruwa kawai maimakon hayaƙi. Gaskiya ne akwai shi. A Jamus, jihar Lower Saxony ta fara gwada guda biyu a 2018, ta sayi 14 suka fara aiki a 2022, har wani irinsu ya yi kilomita 1,175 da ciko ɗaya. Amma a 2023 hukumar da ta saye su ta ce sauran layukanta masu batir za ta saya musu, don sun fi araha. Ita wannan iska ba haƙo ta ake yi ba, sai an ƙera ta, in kuwa da lantarki aka ƙera ta, fiye da rabin wutar yana salwanta kafin ya isa ƙafar jirgi. In attajirin da ya fara hawa dokin ya ce ya yi masa tsada, talaka ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Wani zai ce iska. Jiragen lantarki na ƙasar Holan a Janairu 2017 aka fara lissafa su a kan wutar manyan fankokin iska. Amma lissafin shekara ne: an riƙa sayen wutar iska daidai da abin da jirage suka ci, ran da iska ta kwanta kuwa wutar gari ke riƙe su. Su a bakin teku suke. Mu kuwa fankoki 37 na Lambar Rimi a Katsina, megawat 10, an fi shekara goma ana jiransu.

Wanda ya cancanci a duba shi da kyau shi ne jirgi mai batir. A Japan tun 2014 akwai shi a layin Karasuyama, wajen kilomita 20. Inda akwai waya ya sha wuta ya yi caji, inda babu ya tafi da batir, a tashar ƙarshe ya sake caji. Wannan zai yi amfani ga ƙananan rassa inda mutane ba su kai yawan da za a ja musu waya ba. Sai dai batir yana tsufa, kun sani daga na wayoyinku, saboda haka a rubuta kuɗin sauya shi tun ranar saye.

Abu na ƙarshe, ku tuna da Addis Ababa ta ƙasar Habasha. Sun buɗe jirginsu na lantarki a 2015 da jirage 41, ƙasarsu kuwa daga madatsun ruwa take samun kusan dukan wutarta. Zuwa 2023 fiye da rabin jiragen suna ajiye saboda rashin kayan gyara. Dokin da aka ba harawa aka hana shi magani, shi ma kwanciya zai yi.

ABIN DA MUKE NEMA

Me ya sa muka tayar da wannan magana yanzu? Domin a watan Maris 2023 an gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon gina dogo da ikon samar da wuta da rarraba ta, a watan Yuni kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lantarki. A da in mun yi kuka sai a nuna mana Abuja. Yanzu maganar tana iya ƙarewa a Majalisar Jiharmu, a hannun mutanen da muka san ƙofar gidajensu. Tun ran gini, tun ran zane. In aka riga aka sa hannu aka ci bashi, kukanmu ba zai kankare tawada ba.

Saboda haka duk wanda ya zo unguwarku ko layinku na kasuwa da hoton jirgi, ko na jam'iyyar da ke mulki ne ko namu ne, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sa'an nan ku yi masa tambayoyin nan biyar.

1. Me jirgin zai ci, daga ina kuma za a kawo shi?

2. Nawa ne yunit ko lita, shekara nawa aka ƙulla farashin, da naira ne ko da dala?

3. An yi gwanjo a fili kowa yana gani, ko a ɗaki aka ƙulla? In an yi, a karanta takardar a Majalisa, a buga ta da Hausa.

4. Da dare, da ranar da wutar ƙasa ta faɗi, me zai kai jirgin tasha da mutanen da ke ciki?

5. Filin da za a shimfiɗa farantai na wane ne? In gonar talaka ce, nawa ne diyya, a hannun wa za a ba shi, kafin aiki ko bayan aiki? 'Ya'yan wa za a koya wa gyara?

In ya amsa, ku ce ya rubuta ya sa hannu, ku kawo ofishin reshe mu ajiye. In ya ce wannan maganar injiniyoyi ce, ba ta mai rumfa ba, ku tuna masa cewa mai rumfar nan ne ke raba kuɗinsa kullum tsakanin man janareto da katin mita da batirin sola, ya kuwa san wanda ya fi cutarsa. Ku tuna masa kuma cewa bashin da za a ci da sunanmu ne, daga harajinmu za a biya, mu da 'ya'yanmu.

Mun roƙi shugabannin rassa su karanta tambayoyin nan a taronsu na wannan mako. Iyayenmu mata kuma su kai su cikin gidaje, don masu aika yara da talla bayan gari sun fi kowa sanin zafin kuɗin mota. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Dare ya yi, gobe kuma akwai kasuwa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sa albarka a cikin nemanmu. Amin.